Kilomita Dubu Tara da Ɗari Huɗu, da Wasu Goma Sha Bakwai

"Danne nan da yatsanka," in ji Baba Taswira. "A'a, ba nan ba, ka jefa ta cikin teku! Nan, inda na ɗiga jan biro."

"Baba, ni layi nake kallo."

"Layi ba inda za shi. Ita ce ke tafiya. Danne."

Na danne. Ya ja jan zarensa a kan ƙwallon taswirar duniya da ya ɗora bisa cinya, ya auna da guntun rula, ya yi ɗan lissafi a bayan hannunsa, sannan ya gyara zaman tabarau.

"Ƙarfe takwas daidai. Awa uku ke nan da tashinta. Matarka ta ci kilomita dubu biyu da ɗari huɗu. Kai nawa ka ci?"

Na leƙa gilashin motata. Jiya da yamma lamba arba'in da uku aka rubuta mini da alli. Yau da safe na tarar an goge, an rubuta hamsin da ɗaya.

"Mota takwas na ci, Baba," na ce. "Da baya."

Jama'a, ku yi haƙuri da ni. Shafin nan na yau ba na ruwan famfo ba ne, ba na ramukan titi ba. Yau maganar aurena ce, wanda saura ƙiris ya mutu a layin mai, ina riƙe da fure.

Bari in fara daga farko. Baba Taswira maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce ta raba mu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ya san tsawon kowane kogi a duniya, ya san tsayin kowane dutse, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a jirgin sama ba. Ranar da ya ajiye aiki ƙwallon nan kaɗai aka sallame shi da shi, shi ma don ya tsage ta ƙasa ne.

Matata kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Wata goma sha takwas da suka wuce aka ɗauke ta wani kwas a wata ƙasa mai nisa, nisan da rana ke riga mu fitowa a can da awa biyar. Baba ya auna mini tun makon jiya: daga filin jirginsu zuwa namu kilomita dubu tara da ɗari huɗu ne, tafiyar awa goma sha ɗaya da minti arba'in ba tsayawa. Daga ƙofar gidana zuwa filin jirginmu kuma kilomita goma sha bakwai. Ku riƙe waɗannan lambobin, don su ne labarin gaba ɗaya.

Ina da wani hali, kuma tun da na saba tona na wasu a wannan shafi, yau zan tona nawa. Ni mutum ne mai makara. Matata ba ta kirana da komai sai Malam Anjima. Ranar da za ta tafi, na tsaya a shagon buga takardu ina gyara baitin ƙarshe na wata waƙa da na rubuta mata. Ina isa filin jirgi na ga wutsiyar jirginta tana shigewa cikin gajimare. Yayanta ne ya ja mata akwati. Har yau in mun haɗu da shi, sai ya duba agogonsa kafin ya amsa gaisuwata.

To kwana goma da suka wuce ta kira ni, muryarta a sanyaye, irin sanyin da ke sa gaban namiji ya faɗi.

"Malam Anjima, asibitin nan sun ba ni aiki. Tikitina na zuwa da komawa ne, mako biyu suka ba ni in yi shawara."

Na ce, "Hasken raina, ai ke da ni..."

"Tsaya. Ba na son waƙa, ba na son fure. Abu ɗaya nake so. In na fito daga ƙofar nan, in gan ka a tsaye. In na fito na fara waige-waige, to na san abin da zan yi ta yi ke nan har in tsufa, kuma na san amsar da zan ba su."

Na karanta littattafan soyayya da suka fi ƙarfin kantar ɗakina. Na ga waɗanda suka ƙetare hamada, na ga waɗanda suka yi iyo a kogi mai kada. Ni ba a nemi komai daga gare ni ba sai in tsaya a bakin ƙofa ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma. Na rantse, na maimaita. Sannan na je na sayi fure, na rubuta waƙa baiti ashirin da biyu, don hali ba ya fita a kwana goma. Akwai kuma abin da ba ta sani ba: na sayi mota. Tsohuwa ce, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma tawa ce, kuma na ƙudurta a cikinta zan ɗauko matata.

Sai dai mota mai take sha. Tun shekaranjiya na kai ta layi.

Wanda bai san tsarin gidan man unguwarmu ba, bari in koya masa. Akwai wani bawan Allah da muke kira Mai Alli. Shi ke bin motoci yana rubuta lamba a gilashi, kuma lambarsa ta fi takardar kotu ƙarfi. Da na ga tawa ta hau, na je na same shi yana kaɗe farin ƙura daga hannu.

"Mai Alli, jiya fa arba'in da uku ce."

"Jiya ke nan, yallaɓai. Motocin kwamitin tarbar Mai Girma ne suka shigo, guda takwas."

"Ta ina? Ban ga sun bi layi ba."

"Ta ƙofar fita. Babban mutum ba ya shiga ta ƙofar shiga, cunkoso ya yi yawa. Amma kada ka zalunce su, su ma jiran tanka suke yi kamar kowa. Daga gaba dai suke jira."

Mai Girman nan ba zan faɗi sunansa ba, don kowane gari da nasa. A nan Mai Girma Uban Almakashi muke ce masa, saboda Allah ya hore masa baiwar yanke ƙyalle. Wata biyu da suka wuce ya tsaya gaban jama'a ya ce cikin kwana uku layin mai zai zama tarihi. Masu baƙin ciki suna cewa ƙarya ya yi. Ni ban yarda ba. Mutumin nan bai taɓa faɗin waɗanne kwana ukun yake nufi ba.

Wani zai ce me ya hana ka hau tasi? Tasin garin nan duk suna bayana a layi, daga lamba hamsin da biyu zuwa inda ido ya daina gani. Babura kuma an hana su hanyar filin jirgi tun jiya, wai suna ɓata kyan gari.

Ƙarfe goma sha ɗaya tanka ta iso. Wallahi na ga wani dattijo mai furfura yana share hawaye da hularsa. Direbobi suka yi ta danna hon kamar an haifi ɗa. Baba bai ko ɗaga kai ba.

"Dubu huɗu da ɗari takwas," ya ce. "Ta wuce rabi. Yanzu haka duwatsu masu ƙanƙara ne a ƙarƙashinta, in ta leƙa taga."

Na rufe ido na hango ta, kanta jingine da taga, hasken rana a gefen fuskarta, tana tunanin ko zan zo. Zuciyata ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo. Ina cikin wannan hali aka gama juye man a rijiyar ƙasa. Sai aka ɗauke wuta.

Manaja ya fito yana goge wuya da hankici. Ya ce mu kwantar da hankali, akwai janareta, matsala ɗaya ce kawai: ba shi da mai.

"Ba mai?" in ji wani direban tasi. "A gidan mai?"

"Man yana ƙasa," in ji manaja, a hankali, kamar mai koya wa yara. "Famfo ne ke fito da shi. Janareta ne ke tada famfo. Janareta kuma mai yake sha."

Baba ya cire tabarau ya kalle shi da girmamawa. "Shekara talatin da biyar ina koya wa yara yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama gajimare, ya zubo, ya koma teku. Ban taɓa ganin zagayen da ya rufe da kyau irin wannan ba."

Wani ya ce a tsotso daga motocin kwamiti, tun da su da sauran mai suka zo. Direbobinsu suka ce wannan man hukuma ne, ba a taɓa shi sai da takarda mai hatimi uku, kuma mai hatimi na biyun yana wajen tarbar Mai Girma. Ƙarshe dai wani bakanike ne ya ɗauko tiyo da galan, ya bi mu mota-mota yana zuƙa yana tofarwa. Tawa rabin kofi ta bayar, shi ne numfashinta na ƙarshe. Ku rubuta wannan ku ajiye wa jikokinku: mu da muka kwana biyu muna jiran gidan mai ya ba mu mai, mu muka yi wa gidan mai karo-karon mai.

Janareta ya tashi. Motocin kwamiti suka sha suka ƙoshi, aka buɗe but, wato ma'ajiyar kaya, aka cika jarkoki, aka buɗe kujerar baya aka cika wasu. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in aka sa wa motata tiyo a baki. Lita goma, ba ƙari.

"Saura awa uku," in ji Baba. "Ita dubu biyu da ɗari huɗu, kai goma sha bakwai. Ko jaki ka hau ya kamata ka ci wannan tsere."

Na tada mota, Baba a gefena da ƙwallonsa, ina rera waƙata. Iska na shigowa, furen na rawa a kujerar baya, har na fara tsara yadda zan tsaya: hannun dama a ƙirji, fure a hagu, ido cike da hawaye amma ba su zubo ba. Kilomita shida muka yi a haka. Sai ga ganguna masu sabon fenti an gicciya a titi, da igiya, da wani jami'i mai takalmi yana ƙyalli kamar madubi. Motoci sun yi layi. Na fita.

"Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Lafiya lau. An rufe hanya, Mai Girma zai wuce."

"Yaushe?"

"Ƙarfe goma na safe."

Na duba agogo. "Ranka ya daɗe, yanzu ƙarfe biyu ne."

"Shi ya sa nake gaya maka yana dab da zuwa."

"Me zai buɗe a filin jirgin?"

"Matakala. Wadda fasinja ke sauka da ita daga jirgi. Sabuwa fil."

Ban yi mamaki ba. Wannan titin da muke tsaye a kai sau uku aka buɗe shi a kan idona: ranar da aka zuba kwalta, ranar da aka ja farin layi a tsakiya, da ranar da aka kafa allon da ke ba da labarin buɗewar biyun farko. Ƙasar da ake girmama aiki haka, ai matakala ma tana da haƙƙi.

Na gaya wa jami'in komai. Na nuna masa furen. Ban san lokacin da na zaro takarda na karanta masa baiti shida ba. Ya saurara da kyau, har ya kawar da kai ya ja hanci.

"Waƙar ta yi daɗi," ya ce. "Anjima kaɗan za a buɗe."

Ƙarfe biyu da rabi na koma. "Anjima kaɗan." Ƙarfe uku na koma. "Haba malam, na ce maka anjima kaɗan." Yana faɗa yana murmushi, ba da mugunta ba, da zuciya ɗaya, kamar wanda ya ba ni kyauta.

A karo na ukun ne abin ya soke ni. Na san wannan murmushin. Na san wannan muryar. Tawa ce. Haka nake ce mata in ta ce mu je gaida mahaifiyarta. Haka na ce mata ranar da famfon kicin ya fashe. Haka na ce mata a waya ranar da take tsaye da akwati biyu tana kallon ƙofar filin jirgi. Shekara uku ina tsaye a gabanta da ganga da igiya, ina murmushi. Ban taɓa sanin yadda kalmar take a kunnen mai jira ba sai ranar. Jama'a, na jingina da motata na yi kuka, kukan gaske, har wata mai sayar da ruwa ta ba ni leda ɗaya kyauta.

Ƙarfe uku da rabi Baba ya naɗe zarensa.

"Ɗana, lafiyayyen matashi kilomita biyar yake ci a awa. Saura goma sha ɗaya, wato awa biyu da minti goma sha biyu. Ita kuma saura awa ɗaya da minti goma. Ka riga ka makara."

"To mene ne amfanin tafiya, Baba?"

"In ta fito ba ta gan ka ba za ta tambaya ina kake. So kake a ce kana hanya, ko a ce kana zaune a mota da wani tsoho da ƙwallo?" Ya cusa mini zaren a aljihu. "Riƙe. Na gama da shi, abin da ya rage mata bai kai faɗin farce ba. Ni da motar muna nan. Ban iya tuƙi ba, ita ma ba ta cika son tafiya ba, za mu fahimci juna."

Na ɗauki fure na nufi igiya. Jami'in ya tare ni.

"Ba a taka titin. An share shi, an wanke shi, sawunka zai fito." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Akwai 'yar hanya ta bayan gonakin can, tana ɓullewa jikin wayar filin jirgi. Ban gan ka ba. In ka isa ka karanta mata baiti na huɗu, shi ya fi."

Na ruga.

A littattafai, in masoyi yana gudu, iska ce ke kaɗa rigarsa. Ba a faɗin ƙaya. Ba a faɗin kwata mai faɗin ɗaki da sai ka tsallaka, ko karen gona da bai san soyayya ba. A kwata ta biyu tafin takalmina na dama ya ɓalle ya rage yana lilo kamar harshe. Na tsuguna, na laluba aljihu, na zaro zaren Baba. Kilomita dubu tara da ɗari huɗu na naɗe a takalmi ɗaya, na ƙulle, na ci gaba.

Ƙarfe huɗu da minti arba'in ina tsakiyar wata gonar masara na ji ƙara a sama. Ga shi nan, fari, ƙato, ya sauke tayoyi, ko minti ɗaya bai ƙara ba. Mutanen da suka taso daga bayan duniya sun cika alkawari, ni da aka haifa a nan saura kilomita biyar. Na ɗaga furen sama ina kiranta, kamar za ta buɗe taga ta amsa.

Sai na ga abin mamaki. Jirgin ya naɗe tayoyinsa ya koma sama. Ya yi zagaye. Ya sake yi. A lokacin ne na ji jiniya daga wajen titi, na hango ayarin Mai Girma yana wucewa, mota arba'in da ɗaya, na ƙirga, har da motar asibiti biyu da wata da ba ta ɗauke da komai sai kujerarsa. Ashe ba ya yiwuwa jirgi ya sauka Mai Girma yana shigowa, ƙara za ta dame shi. Rabin awa jirgin ya yi yana shawagi a kaina kamar shaho, ni ina gudu a ƙasa kamar ɗan tsako. Biyar da minti goma ya sauka.

Na ce shi ke nan. Amma ƙafafuna ba su ji ba, suka ci gaba.

Da na iso jikin wayar filin, na ga jirgin a tsaye, ƙofofinsa a rufe. Can gefe ga rumfuna, ga jar darduma, ga 'yan badujala, ga wata farar matakala an ɗaure ta da ƙyalle, ba ta jingine da komai ba sai iska, wani mutum a ƙololuwarta yana magana a lasifika. Ban tsaya fahimta ba. Na bi jikin wayar da gudu, kusan kilomita guda, takalmi na tafi, fure na zubar da ganye, har na kai ƙofa.

Shida saura minti goma na faɗa zauren masu jiran baƙi. Wani dattijo mai shara ya jingina da tsintsiyarsa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba, mutanen jirgin nan sun fita?"

"Su fita ta ina? Su yi tsalle?"

"Matakala fa?"

"Ga ta can ana buɗe ta."

"Tsohuwar nake nufi."

"Ita ce sabuwar. Fenti aka yi mata. Guda ɗaya gare mu tun da na kama aiki." Ya gyara tsayuwa. "Da tuni an gama, to an manta almakashi a ofis. An tura mota uku su ɗauko. Shi ne Mai Girma yake ɗan ƙara bayani kafin su dawo."

Ta taga muryar tana shigowa tar. Mai Girma yana cewa daga yau, albarkacin wannan matakala, babu fasinjan da zai sake jiran ko minti ɗaya a cikin jirgi. Aka yi tafi. Taku ɗari daga inda yake, mutum ɗari uku suna zufa a cikin gwangwani.

A nan dole in cire hula. Shekara biyu ina zagin mutumin nan a wannan shafi, ina cewa bai taɓa yi wa talaka komai ba. Na janye. Ya hana ni mai, ya rufe mini hanya, ya sa kare ya bi ni. Amma da yake shi mai adalci ne, bai bar kowa ya riga kowa ba: ya tsayar da na ƙasa, ya tsayar da na sama. A ƙasar da abubuwa ke tafiya daidai, da yanzu ni gwauro ne. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa almakashinka kaifi, ya kuma sa a riƙa mantawa da shi.

Shida da kwata aka yanke ƙyalle. Bakwai saura minti ashirin ƙofa ta buɗe, mutane suka fara fitowa, fuska a murtuke, ba mai akwati ko ɗaya, don motar ɗaukar kaya ita ce ta tafi mayar da kujerun taro, an ce sai gobe. Na tsaya daidai tsakiyar ƙofa. Hannu a ƙirji, fure a hagu. Kara uku suka rage da ganye biyu.

Sai ga ta. Ta rame kaɗan, idonta ya yi ja don gajiya, jakar hannu a kafaɗa, kuma wallahi duk baitin da na taɓa rubutawa bai kai yadda ta gyara mayafinta ba. Ba ta waiga ko'ina ba. Kai tsaye ta zo ta tsaya a gabana.

"Malam Anjima."

"Hasken raina, sannu da hanya."

"Tun yaushe kake nan?"

Mai shara ya matso da tsintsiyarsa, ya ƙyafta mini ido. "Baiwar Allah, ai tun safe yake nan. Ni na share ƙarƙashin ƙafarsa sau biyu."

Ga ƙofa a buɗe. Ga shaida mai furfura. Kalma ɗaya zan ce, "haka ne", shi ke nan na ci. Na buɗe baki, sai fuskar jami'in nan ta faɗo mini, da murmushinsa.

"Ba haka ba ne," na ce. "Shida saura minti goma na iso. Na makara da awa ɗaya da minti goma. Da jirginku ya sauke ku a kan lokaci, da kin fito ba ki gan ni ba. Na zauna awa ɗaya da rabi a bakin shinge ina jiran a ce mini wuce, alhali ina da ƙafa. Laifina ne wannan, ba na Mai Girma ba."

Mai shara ya yi tsaki ya ja tsintsiyarsa. "Yaran yanzu ba a taimakonsu."

Ta kalli fuskata. Sannan ta sauke ido kan takalmina.

"Wannan jan zaren fa?"

"Nisan da ke tsakaninmu ne. Baba Taswira ya auna."

Leɓenta ya motsa, ta danne. "Kujerata ta jikin taga ce, ɓangaren hagu. Muna zaune muna shan zafi, sai wata mata ta ce ku zo ku ga wani mahaukaci yana bin waya da gudu da tsintsiya a hannu. Duk jirgin ya dawo ɓangarenmu. Da ka faɗi aka yi salati, da ka tashi aka yi tafi. Na ce musu ba tsintsiya ba ce, fure ne, kuma na hana shi saye." Ta karɓi karan ukun daga hannuna. "Da ka ce mini tun safe, da ko fita daga zauren nan ban yi ba. A nan zan kwana in bi jirgin gobe."

Hawayen da na tsara ba za su zubo ba suka zubo gaba ɗaya, har da majina.

"Goge fuskarka, mutane na kallo. Da me za mu tafi gida?"

"Na sayi mota," na ce. "Don ke."

"Tana ina?"

"Kilomita goma sha ɗaya daga nan. Baba na ciki. Kwana biyu ta yi a layin mai."

Ta dubi titin, inda mota arba'in da ɗaya ke fita da jiniya, an sake gicciya ganguna. Ta dubi takalmina. Sai ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ɗaga murya yadda mai shara da duk wanda ke zauren zai ji.

"To ku shaida. Ba zan koma ba, na zauna. Amma gobe za ka sayar da motar nan ka sayi keke, kuma daga yau agogo a hannuna yake. Wuce mu tafi. Yanzu, ba anjima ba."